Coci da Matar da Ba Ta Haihu Ba a Ƙasar Yarabawa

A ƙasar Yarabawa, da zarar mace ta haihu sai a daina kiran ta da sunan yanka, a koma kiran ta uwar wane. Wadda ta shekara goma a ɗakin miji ba ta yi ko ɓari ba kuwa, duk sanda aka kira sunanta, an tuna mata abin da ta rasa ke nan. Tun kafin zuwan mishan mata ke kai kukansu ga Oshun, abar bautar gargajiyar Yarabawa, kuma har yau suna cika bikinta na Oshogbo a watan Agusta domin neman haihuwa.

Kiristanci ya tarar da wannan buƙata, ya kuma ɗauke ta a kansa. Coci-cocin Aladura da suka bunƙasa bayan farkawar addini da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesha a 1930 sun yi suna wajen addu'a da ruwa mai albarka. A yau, dubban mata na tururuwa zuwa sansanin cocin Redeemed da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, da tarukan azumi na cocin Mountain of Fire, wanda Daniel Olukoya ya kafa a 1989. Babu mai musun cewa suna samun sanyi a can. Macen da uwar miji ta hana sakat tana tarar da masu rungumar ta, ana kuma tuna mata da Saratu da Hannatu da Alisabatu na cikin Littafi Mai Tsarki.

Sai dai duk waɗannan matan uku daga ƙarshe sun haihu. Nan matsalar take. Wa'azin da kullum yake ƙarewa da jariri a hannu bai tanadi komai ba ga wadda har ta tsufa ba za ta haihu ba. Ta kan koma gida da sabon zargi: ko bangaskiyarta ce ta gaza, ko wani zunubi ne na ƙuruciya, ko maita. Dokar coci ta auren mace ɗaya ma ba ta kare ta yadda ake zato, domin dangi kan samo wa mijin wata a waje.

Shi mijin kuma da wuya a taɓo shi, alhali likitoci sun tabbatar kusan rabin matsalolin rashin haihuwa da hannun namiji a ciki. Marubuta sun riga masu wa'azi faɗin wannan: littafin Lola Shoneyin na 2010 da na Ayobami Adebayo na 2017 duk a jikin miji suka ajiye matsalar.

Akwai masu sauya hanya. Marigayiya Ibidunni Ighodalo, matar fasto a Legas, ta fito fili ta bayyana nata gwagwarmayar, ta kafa gidauniyar da ke biya wa ma'aurata kuɗin dashen ƙwai a asibiti. Cocin Katolika ya haramta wannan hanya tun 1987, yana nuna wa ma'aurata riƙon marayu a madadinta, abin da dangi da yawa har yanzu suke ɗari-ɗari da shi saboda batun gado.