Tsaraba a Ƙasar Mafara

Tsaraba, wato kyautar da matafiyi ke riƙo wa dangi idan ya iso gida, tana da tushe a zamanin fatauci da cin rani, lokacin da mazajen Mafara, Bakura da Maradun ke fita bayan kaka, su komo gabanin damina da goro da gishiri da tufafi. Kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 ya ƙara wa al'adar armashi, domin noman rani ya sa wanda ya zo hutun sallah daga Gusau ko Legas yakan koma da shinkafa da albasa daga kasuwar Talata, kakarsa kuma ta ƙulle masa hoce, gasasshiyar wainar dawa mai jure doguwar tafiya.