Gulbin Zamfara tsakanin Sarkin Ruwa da masu haƙar zinariya

Gulbin Zamfara yana tasowa ne daga gabashin ƙasar Zamfara, ya ratsa Anka da Gummi, ya shiga ƙasar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, ya wuce Jega, sannan ya haɗu da Gulbin Sakkwato a jihar Kebbi. Fadamun da yake malalawa da damina su ne gonakin shinkafa, da rani kuma a noma albasa da tattasai, makiyaya su shayar da shanu. Ƙasar Tambuwal, maƙwabciyar Kebbe, tana da tafkin Romo, wanda aka san shi da bikin kamun kifi.

Tun kafin zuwan Turawa ruwa a wannan yanki yana da mai shi. Sarkin Ruwa ne ke rufe gurbi ko tafki idan kifi yana hayayyafa, shi ne kuma ke sa ranar su, ranar da masunta za su faɗa ruwa tare da homa da gora. Wanda ya yi satar kamu kafin a buɗe, ko ya zuba magimfa don kifi ya bugu ya taso, a gaban Sarkin Ruwa yake amsa laifinsa, in abin ya yi girma a kai shi ga hakimi. Bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, a kan wannan tsari ya tsayu: ana hana kamu a kogin Matan Fada tsawon shekara sai ranar biki. Da maganin ƙwari irin su Gamalin ya shigo hannun masunta, gwamnatin tarayya ta yi dokar kamun kifi ta 1992 wadda ta haramta kashe kifi da guba ko nakiya. Duk waɗannan hane-hane an gina su ne a kan mai laifin da ake iya gani a bakin ruwa, a kama shi.

Zinariya ta zo da wani abu dabam. An haƙe ta a arewacin Najeriya a zamanin mulkin mallaka, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta sake farfaɗowa bayan 2008, da farashinta ya tashi a kasuwar duniya har ya haura dala 1,200 kowane oza a 2010. Manoman Anka da Bukkuyum suka koma ramuka. Sai a fasa dutse, a kai gida, a niƙe shi a injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin a kududdufi ko rafi, a cuɗa da zaiba don ta kama zinariyar, sannan a ƙona zaibar ta tashi. Abin da masu aikin ba su sani ba shi ne dutsen wasu ramukan cike yake da dalma.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara ƙanana suna suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan yankin. Gwaji ya nuna gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, a garuruwa irin su 'Yargalma da Dareta da Abare da Bagega. A wasu wuraren niƙa an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin Amurka na lokacin 400 ne a inda yara ke wasa. Ƙura ce ta fi kisa, don ita yaran suka shaƙa suka haɗiya. Amma tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwa a ƙarshen daminar 2010 ta sami dalma mai yawa a kududdufai, inda dabbobi ke sha, inda kuma ake ɗibar ƙasar bulo.

An kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, aka binne ta, aka zuba sabuwa. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan masifa ta auku a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Tsakar gida tana kankaruwa, gindin gulbi kuwa ba ya kankaruwa. Dalma ba ta ruɓewa. Tana kwanciya cikin laka, ambaliya ta ɗauke ta ta sauke a fadamar ƙasa. Zaiba ta fi ta sharri a ruwa, domin ƙwayoyin halitta na cikin laka suna juya ta ta zama nau'in da ke taruwa a jikin kifi, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babban. Ruwan ba ya sauya launi ko ɗanɗano, kifi ba ya tasowa sama kamar na magimfa, don haka Sarkin Ruwa ba shi da alamar da zai kama.

Iko ma ya rarrabu. An cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996, gulbi ɗaya ya zama na jihohi uku. Ma'adinai kuma na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta hana gurɓata magudanan ruwa, Abuja ce ke da alhakin zartar da ita. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata kan rage amfani da zaiba a 2018. A Afrilun 2019 an hana haƙar ma'adinai a Zamfara, amma saboda 'yan bindiga aka yi hanin, ba saboda ruwa ba. An ɗage shi a Disambar 2024.