Tarihin Ƙa'idar Bi-da-bi a Wasannin Ƙasar Kabi: Daga Dara Zuwa Karta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan dara ko ta 'yan karta ya san cewa ba a cika yin gardama a kan wanda ya fi iyawa ba. Gardamar da ta fi yawa ita ce ta "wa ke da wasa yanzu?" da kuma "shin ka riga ka saki ko ba ka saki ba?" Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda wannan ƙa'ida ta bi-da-bi ta sauya a wasannin zaune na ƙwarin Rima, musamman yankin Zauro da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Za mu yi amfani da kalmar "hannu" da ma'anar damar da ɗan wasa yake da ita ta yin motsi sa'ad da abokin karawarsa yake jira. Abin da muke son nunawa shi ne, gwargwadon yadda wasa ya ƙyale mutum ya kutsa cikin hannun wani, gwargwadon yadda yake bukatar rubutacciyar doka.

2.0 Muhallin Nazari

Ƙasar Kabi daɗaɗɗiyar mahaɗa ce. Kanta ya kafa daularsa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai. A 1805 Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi, daga baya Kabawa suka mayar da cibiyarsu Argungu, yayin da Zauro ta kasance a ɓangaren Gwandu. Sa'ad da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Arawa da Dandawa da Zabarmawa sun mara masa baya. Wannan cuɗanya tana da muhimmanci ga zancenmu, domin wasan da Bahaushe yake kira dara Zabarmawa suna yin sa da sunan dili, haka kuma ya shahara ƙwarai a wurin Dakarkari na ƙasar Zuru.

Mutanen wannan ƙwari sun san hanya biyu ta yin adalci a gasa. Ta farko ita ce a saki kowa lokaci guda, kamar yadda ake yi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. A can babu mai faɗawa ruwan Matan Fada sai an ba da alama. Ta biyu ita ce a yi ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ce ruhin dara.

3.0 Dara: Hannu Ɗaya, Motsi Ɗaya

Kalmar dara tana ɗaukar wasa fiye da ɗaya, har da na zuba 'ya'ya a gurabu goma sha biyu wanda Yarabawa suke kira ayo. Wanda muke nufi a nan shi ne na jere, mai gidaje 30, watau layi 5 sau 6, da ake haƙawa a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Wani ya riƙi tsinke ko kara, wani ya riƙi tsakuwa. R. C. Bell ya bayyana darar Dakarkari a littafinsa na wasannin duniya da ya fito a 1960.

Wasan yana da zango biyu. A zangon farko ana dasa 'ya'ya ɗaya-ɗaya, bi da bi, har 24 ɗin su ƙare, gidaje 6 su rage babu kowa. A wannan zango an hana jera uku, kuma babu ci. Hikimar wannan hani a fili take: da an ƙyale ci tun wurin dasawa, da wanda ya fara ya tsere wa abokinsa tun kafin a zauna sosai. A zango na biyu kowa yana gusa ɗa guda zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif ya cire ɗan abokinsa guda. Jeren huɗu ba ya ci. Wasa ya ƙare idan mutum ya rasa 'ya'yan da za su yi uku.

Abin lura shi ne, a dara babu wanda yake da ikon hana wani hannunsa, ko ya yi motsi biyu a jere. Ko da gwani ya kafa doki, watau tsarin da ɗa guda yake kai da komowa yana cika uku a kowane motsi, dole ne ya dakata abokinsa ya yi nasa tsakanin ci da ci. Wannan 'yar tazara ita ce kaɗai fatar wanda aka hau, domin a cikinta yake neman toshe gidan da dokin yake komawa. Saboda sauƙin ƙa'idar, dara ba ta taɓa bukatar takarda ba. Kome yana shimfiɗe a ƙasa, 'yan kallo su ne shaidu, su ne alƙalai.

4.0 Karta: Sa'ad da Aka Fara Satar Hannu

Karta baƙuwa ce. Daga Masar ta zamanin Mamluk ta shiga Turai a wajejen 1370, kuma har yanzu akwai ragowar kartar Mamluk a fadar Topkapi ta Istanbul. Abin da ta zo da shi wanda dara ba ta sani ba shi ne ɓoyo: kowa yana riƙe da abin da abokinsa bai gani ba. Don haka ne ma ta yi saurin haɗuwa da caca, har malamai da iyaye suka ƙyamace ta, alhali dara tana nan da mutuncinta a bakin dattawa.

Irin kartar da ta fi game Nijeriya ita ce Whot, wadda William Henry Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935. Tana da siffofi biyar: da'ira, da dala, da gicciye, da murabba'i, da tauraro. A yadda aka saba yin ta a ƙasar nan, wasu lambobi ba su da wani aiki sai murɗa bi-da-bi. Mai saka 1 ya tsayar da na gaba ya sake sakawa. Mai saka 8 ya tsallake na gaba. Mai saka 2 ya sa na gaba ya ɗebi biyu, 5 kuwa uku. Mai saka 14 ya tura kowa kasuwa. Har ila yau, wanda ya rage da ɗaya tilas ya sanar kafin hannu ya wuce shi, in ya makara a ci shi tara.

Ke nan a karo na farko hannu ya zama abin da ake iya ƙwacewa. Daga nan gardama ta samo tushe. Alal misali, idan aka saka maka 2 kai ma kana riƙe da 2, kana iya kare kanka ka tura wa na gabanka huɗu? Wata majalisa ta yarda, wata ta ƙi. Saurayin da ya saba da dokar unguwarsu a Zauro, in ya zauna da 'yan Birnin Kebbi, sai an fara shimfiɗa sharaɗi kafin a raba. Doka tana nan a baka kamar ta dara, amma wasan ya fi ƙarfin baka.

5.0 Kartar Tarawa: Amsa Cikin Hannun Wani

Mataki na uku ya faru nesa da mu. A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fitar da Magic: The Gathering, wasan da kowa yake tara katunansa ya harhaɗa nasa ƙunshi. Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, Yu-Gi-Oh! a 1999. A Magic an raba hannu guda zuwa zango biyar: buɗewa, da babban zango na farko, da yaƙi, da babban zango na biyu, da rufewa. Wanda ya fara wasa ba ya jan kati a hannunsa na farko idan mutum biyu ne, wanda wannan ita ce dai hikimar hana jera uku a dara cikin wata riga.

Sabon abu shi ne, an ba mai jira ikon amsawa a tsakiyar hannun abokinsa. Dokokin farko sun rikitar da mutane, sai a 1999 aka kawo tsarin da za mu kira tsibi. Duk katin da aka jefa ba ya aiki nan take. Ana ɗora shi ne a tsibi, a ba ɗaya damar ɗora nasa. Idan duka biyu suka janye, na sama ne yake fara aiki, kamar jerin faya-fayai da na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka. Mu ɗauka wani ya jefa katin da zai yi wa dakaren abokinsa rauni uku, dakaren kuwa biyu yake iya jurewa. In mai shi ya amsa da katin ƙarin ƙarfi, nasa ne zai fara aiki, dakare ya tsira. Amma in shi ya yi gaggawar fara ƙara ƙarfin, aka amsa masa da rauni, dakare ya mutu kafin taimako ya iso. Katuna biyu ne dai ba su sauya ba. Lokaci kaɗai ya raba nasara da hasara. Wannan ya sa littafin dokokin wasan ya haura shafi ɗari biyu, kuma ake horar da alƙalai na musamman domin gasa.

6.0 Kammalawa

Mun ga matakai uku: dara, inda hannu yake da alfarma ba a taɓa shi, Whot, inda ake ƙwace shi, da kartar tarawa, inda ake kutsawa cikinsa. Kowane mataki ya ƙara nisanta hukunci daga 'yan kallo, ya miƙa shi ga takarda, yanzu ma ga wayar hannu, wadda ita take yanke wa yara wanda yake da wasa ba tare da sun san dalili ba.

Abin damuwa shi ne, wasan da bai taɓa bukatar rubutu ba shi ne yanzu ya fi bukatarsa, domin dokarsa tana zaune ne a ƙirjin masu yin sa. Matashi yana iya cewa "dara ta ci gida" alhali bai taɓa haƙa gida ko guda ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa, da ɗalibai 'yan asalin Zauro da Ambursa da Gulma da Argungu, su zauna da dattawa su rubuta yadda ake zaɓen mai farawa, da lokacin da motsi yake tabbata, da sunayen dabaru a Kabanci, su kuma kwatanta da na Zabarmawa da Dakarkari, tun masu sanin suna raye.