Yadda Aka Rushe Tsakiyar Ikko Aka Gina Surulere

Yawancin yaranmu da aka haifa a nan Legas suna tsammanin Surulere ta daɗe kamar Isale Eko. Ba haka ba ne. Rukunin gidajen da ake kira Sabuwar Legas an gina shi ne don a zuba mutanen da aka tasa daga tsakiyar tsibiri.

Asalin maganar ita ce annobar da ɓeraye suka yaɗa a Ikko a 1924. Ita ta sa Turawa suka kafa hukumar raya birni ta LEDB a 1928. To, da mulkin kai ya gabato, sai gwamnati ta ce babban birnin ƙasa ba zai zauna da lunguna da kwatami a tsakiyarsa ba. A 1955 aka fara rusau a fili mai faɗin eka 70, wajajen titin Broad da Balogun, inda mutane kusan 30,000 suke zaune.

Maganar gaskiya, gidajen Surulere sun fi tsofaffin tsabta, ga famfo, ga titi, ga iska. Amma fa mutumin Ikko gidansa shi ne shagonsa. Matar da ke sayar da atamfa ko abinci a ƙofar gida, masu sayenta suna nan kan layinta. Da aka kai ta hayin gadar Carter, ciniki ya mutu, ga kuɗin mota kullum, ga haya duk wata. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa tasa daga rumfarsa ya san wannan ciwo.

Masu gidaje kuwa an biya su diyya, aka ce in an gyara filin suna iya sake saye. Ina! Gidan gado ne, magada da yawa, kowa ya karɓi ɗan rabonsa, kuɗin sabon fili kuma ya fi ƙarfinsu. Haka zuri'a guda ta watse, wurin ya koma hannun masu ƙarfi.

Wani Bature mai suna Peter Marris ya bi mutanen nan gida-gida, ya fitar da littafi a kansu a 1961. Surulere dai da Yarbanci tana nufin haƙuri yana da riba. A watan Yulin 1990 aka sake irin wannan a Maroko, da wa'adin kwana bakwai kacal.