Haɗarin Tagwaita Faifan Kwamfuta Bayan An Riga An Zuba Masa Bayanai

Gabatarwa

A yankin Rano da Kibiya, tun daga sakatariyar ƙaramar hukuma har zuwa makarantu, asibitoci da shagunan buga takardu na garuruwa irin su Rurum, ana adana muhimman bayanai a cikin kwamfuta. Daga ciki akwai jerin albashin ma'aikata, sakamakon jarrabawar ɗalibai, rajistar manoma da takardun filaye. Saboda gudun asara, masu gyaran kwamfuta sukan ba da shawarar a ƙara faifan ajiya na biyu a tagwaita shi da na farko. Shawarar tana da amfani, sai dai muna so jama'a su sani cewa lokacin kafa wannan tsari shi ne lokacin da bayanan suka fi fuskantar haɗari.

Mene ne tagwaitawa?

Tagwaitawa tsari ne da ake haɗa faifai biyu su yi aiki kamar guda ɗaya, ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya za a rubuta shi a ɗayan nan take. Idan ɗaya ya lalace, aiki zai ci gaba da ɗan'uwansa. Masana suna kiran tsarin RAID 1, sunan da ya samo asali daga takardar da David Patterson, Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gabatar a shekarar 1988. Ana iya yin sa da na'ura ta musamman, ana kuma iya yin sa da manhaja kawai. Na manhajar ne ya fi sauƙin kuɗi, shi ya sa ƙananan ofisoshi suka fi karkata gare shi.

Inda haɗarin yake

Na farko, manhajoji da dama suna goge faifai kafin su tagwaita shi. Tsarin Storage Spaces, wanda kamfanin Microsoft ya shigo da shi a Windows 8 a shekarar 2012, yana share duk abin da ke kan faifan da aka saka a cikinsa. A kwamfutoci masu Linux kuwa, manhajar mdadm a tsarinta na yau da kullum tana rubuta nata bayanan kusa da farkon faifai, daidai wurin da ake ajiye taswirar fayiloli. Idan taswirar ta lalace, kwamfuta ba za ta ƙara gane abin da ke ciki ba.

Na biyu, kwafin yana tafiya ne ta fuska ɗaya. Idan mai aikin ya rikita faifan da ke da bayanai da sabon da babu komai a cikinsa, sai a kwafi fanko a kan mai kaya. Wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa idan faifan biyu kamfani ɗaya ne kuma girmansu ɗaya. Haka nan idan duka biyun suna ɗauke da bayanai daban-daban, dole ne na ɗaya su tafi, domin tsarin ba ya haɗa kayan biyu wuri guda.

Na uku, kwafin farko yana ɗaukar lokaci. Faifai mai girman terabait 1 yakan ci kimanin awa 3 ko fiye, kuma a duk tsawon lokacin nan ana karanta tsohon faifan daga farko har ƙarshe. Tsohon faifan da ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu yana iya mutuwa a tsakiyar aikin, alhali na biyun bai kammala karɓar kaya ba. Ɗaukewar wutar lantarki ko tsayawar janareta a wannan lokaci tana ƙara haɗarin.

Na huɗu, komawa baya ba ta da sauƙi. A tsohon tsarin da ya zo tun Windows 2000, sai an sauya nau'in faifan kafin a tagwaita shi, kuma da kayan aikin Windows ba a iya mayar da shi yadda yake sai an goge abin da ke kansa.

Tagwaitawa ba ta maye gurbin kwafin ajiya

Ya kamata a fahimci cewa tagwaitawa tana kariya ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana ɓacewa daga duka biyun. Haka ma ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle bayanai don neman fansa, irin WannaCry wadda ta tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, za ta kulle faifan biyu tare. Gobara, ambaliya da sata ma ba sa barin ɗaya. A ƙarshen shekarar 2008 kamfanin JournalSpace ya rasa dukkan rubuce-rubucen masu hulɗa da shi, domin ya dogara da tagwayen faifai kaɗai, kuma abin da ya shafe na farko ya shafe na biyu.

Matakan da muke ba da shawara

1. A kwafi dukkan bayanai zuwa wani faifai na waje, a buɗe wasu fayiloli a wata kwamfuta domin tabbatar da cewa kwafin yana aiki, sannan a cire shi a kulle.
2. A rubuta lambar da ke jikin kowane faifai a takarda, a gwada ta da wadda manhaja ta nuna kafin a danna amincewa.
3. Hanya mafi aminci ita ce a kafa tsarin a kan sababbin faifai biyu da babu komai a ciki, daga baya a zuba musu bayanan.
4. A tanadi na'urar riƙe wuta ta UPS ko wutar sola, kada kuma a fara aikin dab da biyan albashi ko fitar da sakamakon jarrabawa.
5. Idan bayanai suka ɓace, a kashe kwamfutar nan take a nemi ƙwararre, domin kowane sabon rubutu yana rage damar dawo da su.

Kammalawa

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga ɓacewa ko lalacewa. Saboda haka muna kira ga shugabannin sassa, shugabannin makarantu da masu shaguna da kada su bari a taɓa kwamfutar ofis da sunan tagwaitawa sai sun ga kwafin ajiya da idonsu, kuma an ajiye shi a wani ɗaki dabam.