Kumburin Hanyoyin Numfashi ta Dalilin Jijiya

Wannan illa tana aukuwa ne sa'ad da ƙurar hunturu ko hayaƙi, irin wanda ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suke shaƙa, ya tsokani jijiyoyin maƙogwaro da huhu, har su saki sinadarai waɗanda ke kumbura hanyar iska, su yawaita majina, su tayar da fuka. A 1997 David Julius da abokan bincikensa suka gano TRPV1, wata mashiga a irin waɗannan jijiyoyi wadda yajin barkono ke motsawa. Daga cikin dabarun masana akwai aika ƙwayar gado ta cikin ƙwayar cuta da aka raunana domin ta kwantar da jijiyoyin, sai dai al'amarin bai wuce matakin gwaji ba. Madogarar mai fuka har yanzu maganin shaƙa ne, tare da nisantar ƙura.