Matar da ke Bangon Faifai: Sake Nazarin Rayuwar Suze Rotolo (1943–2011)

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rayuwar Suze Rotolo, mai zane 'yar birnin Niyok wadda ta yi soyayya da mawaƙi Bob Dylan daga 1961 zuwa 1964. Hujjar maƙalar ita ce, masu rubuta tarihin waƙa sun tauye ta da suka ɗauke ta budurwar da ake yi wa waƙa kawai, alhali ta ilimantar da shi, kuma tana da sana'arta.

Gabatarwa

Daga tashar titi na 161, kusa da Concourse Village a Bronx inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba D yana kai mutum West 4th Street a Greenwich Village. A wannan titi Rotolo da Dylan suka zauna, kuma a Jones Street da ke daura da shi Don Hunstein ya ɗauki hoton bangon faifan The Freewheelin' Bob Dylan na 1963. Hoton, wanda su biyun suke ciki, ya zaga duniya, amma ba a rubuta sunanta a kansa ba.

Abin da ta kawo masa

A unguwar Queens ta tashi, iyayenta 'yan asalin Italiya ne, 'yan jam'iyyar kwaminis a zamanin da ake farautar irinsu. Tana da shekara 17 suka haɗu da Dylan a wani taron waƙa a cocin Riverside, lokacin tana aiki da ƙungiyar CORE mai yaƙi da wariyar launin fata. Ta hanyarta ya kusanci wannan gwagwarmaya, kuma a 1962 ya rubuta waƙarsa kan kisan yaro baƙar fata Emmett Till. Ita ce kuma ta jawo shi ga wasan da aka shirya kan ayyukan marubucin wasan kwaikwayo Bertolt Brecht, inda take aikin bayan fage. Shi da kansa, a littafinsa Chronicles na 2004, ya bayyana yadda waƙar Brecht mai suna Pirate Jenny ta sauya masa tunani kan tsara baiti.

Tafiyar Perugia

A 1962 ta tafi Perugia ta Italiya, ta yi kimanin wata shida tana karatun zane. Masu sharhi sukan auna tafiyar da waƙoƙin kewar da ta haifar, irin su Boots of Spanish Leather. A ganina wannan awo bai yi mata adalci ba. Yarinya ce mai shekara 18 da ta zaɓi karatu a kan zama a inuwar saurayin da sunansa ya fara tashi, ta kuma sha zargi daga abokansa a kan haka. A 1964 ta keta dokar Amurka ta hana zuwa Kyuba. Bayan sun rabu da Dylan ta auri Enzo Bartoccioli, mai tace fim, ta duƙufa ga haɗa littattafan hannu da take ɗinkawa, ta zana, ta liƙa musu tarkacen da ta tsinta. Ta kuma koyar a makarantar zane ta Parsons.

Kusan shekara 40 tana kauce wa 'yan jarida. Ta yi magana a fim ɗin Martin Scorsese na 2005 kan Dylan, sannan a 2008 ta fitar da littafinta A Freewheelin' Time, wanda ya fi mai da hankali kan unguwar Greenwich Village da mutanenta. Ciwon dajin huhu ya yi ajalinta a watan Fabrairun 2011. Littattafanta na hannu su ne ɓangaren aikinta da ya fi buƙatar a tattara, a tantance shekarunsu, a nazarce su.